Maballan da Kawu Ya Ƙera wa Yatsuna

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa, kafin maza su dawo daga maƙabarta mata sun gama ba da tarihinsa a tsakar gida. Haka zaman makoki yake a unguwar Nima ta Akra. A yi salati, a share ido da bakin mayafi, a miƙa wa na kusa ruwan leda, sai a shiga labarin mamaci, kowace da ɗan guntun da ta sani.

Tsohuwar da ke sayar da koko a bakin gwata, kwatar unguwa ke nan, ta ce tunda take ba ta taɓa ganin mai shan koko tsura, alhali aljihunsa cike da sukari mai ƙwaya, sai shi. Wata ta ce shi ya tayar mata da agogon da aka sa mata a lefe bayan kowa ya ce ya mutu. Da maza suka dawo suka zauna a ƙarƙashin rumfar da aka tare hanya da ita, muna jin liman ta lasifika yana cewa marigayi mutumin sahun farko ne, kuma ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Na farkon gaskiya ne. Na biyun kuwa, an ce mini ɗan Kawu yana zaune dab da liman, sunkuyar da kai kawai ya yi.

Sai wata maƙwabciyarsu, haifaffiyar nan zangon Hausawa, ta gyara zama ta ce, "Ei, Allah shi jiƙan shi, amma tsoho nan ya wahala banza paa. Abu da ake saidawa a Sakul, shi ya zauna yana yi da hannu har ya mutu."

Sakul ita ce kasuwar wayoyi da kayan kwamfuta ta Akra. Matar Kawu, wadda duk muke kira Mma, tana daga cikin ɗaki ta ji. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce a bar mata miji ya huta.

Ni ina jingine da bango, hannuwana cikin mayafi. Gidan rasuwa ba wurin gardama ba ne. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa nake wannan bayani, don kada ya zama da ita za a riƙa tuna shi. Abin da Kawu ya zauna yana yi, saboda hannuwana ne. Ni mai buga takardu ce a Maamobi, unguwar da ke maƙwabtaka da Nima. Da yatsuna nake ci, da su nake riƙe yarana tun rasuwar ubansu, kuma yatsun nan ciwo ya kama su. Kawu ya ɗora wa kansa ya ga ban rufe shago ba.

Yayan mahaifiyata ne. Daga Ƙonni ya zo yana saurayi, a saman motar albasa, da niyyar cin rani ɗaya ya koma. Albasa ba ta karɓe shi ba, sai ya raɓu da wani mai gyaran agogo a bakin tasha, daga agogo ya tsallaka tafireta lokacin da kowane ofis da kowane mai rubuta wa mutane wasiƙa a gaban gidan waya ke da ita. Duk daɗewarsa a Gana bai saki Hausar gida ba. Mu 'ya'yan zango mu cakuɗa Hausa da Tuwi, yaren mutanen ƙasar, da Turanci a numfashi ɗaya, shi kuwa sai ya karkato kunne ya ce, "Mi kika ce?" Ya ji sarai. So yake ki maimaita da Hausa zalla.

Yana da wani farin ƙyalle da yake shimfiɗawa a ƙarƙashin tebur kafin ya taɓa komai, don kada ɗan sukuru ya faɗi ya ɓace. In ka yi masa sallama da sukuru a bakinsa, ba zai amsa ba sai ya ɗaura shi, ko da sarkin zango ne. Ba ya zubar da komai: matacciyar laita, karyayyar lema, biron da tawada ta ƙare, duk yana da gwangwaninsu. Mma ta sha cewa ta auri mutum ɗaya aka haɗa mata da bola.

Shi ya koya mini tafireta ina budurwa. Yakan rufe mini hannu da ɗankwalin Mma don kada in kalli haruffa, ya juya mini baya yana aikinsa. Ba ya duba takarda, da kunne yake bi na. Can sai in ji, "Kin tsallake guda." In na ce ban tsallake ba, ya ce in zare takardar mu gani. Wani lokaci shi ke da gaskiya, wani lokaci ni, amma ban taɓa jin ya ce a yi haƙuri ba. Yabo kuwa ba ya cikin bakinsa. In ya ce maka "ba laifi", to ka je ka yanka kaza.

Da kwamfuta ta kashe tafireta, abokan sana'arsa wasu suka koma gadi, wasu suka tattara suka yi gida. Kawu ya koma bin 'yan kondem, masu tura kura suna sayen tsofaffin ƙarafa, yana karɓar tsofaffin kibod a buhu. Ya wanke su a baho da omo, ya shanya a kan kwano, ya gyara masu gyaruwa ya sayar. A nan ya raba kibod gida biyu. Akwai na roba, wanda shimfiɗar roba ɗaya ce a ƙarƙashin maballan duka. Akwai kuma wanda kowane maballi yake da makunninsa, wani ɗan gida mai sifirin a tsaye da 'yan ƙarafa biyu da ke haɗuwa in an danna. Irin wannan yana yin ƙas tun bai kai ƙasa ba, yatsa ya san harafi ya shiga, ya ɗaga abinsa. Kawu ya ce wannan yana amsawa. Na roba kuwa, ya ce kamar ka yi sallama ne a gidan da ba kowa.

Akwai wani tsoho, ɗan ƙabilar Ga, cikin masu rubuta wasiƙa na da, wanda ido ya tafi masa. Ba mai kawo masa aiki, amma kullum da safe sai ya sa a fito masa da tafiretarsa baranda ya yi ta bugawa. Kawu ya riƙa shiga trotro, motar haya, yana zuwa har gidansa yana sa mata mai, kuma da kirtanin tawada ya ɓace a kasuwa, shi yake jiƙa tsohon da tawadar hatimi ya mayar. Na taɓa ce masa, "Kawu, mutumin da ba ya gani, me zai yi da tawada?" Ya ce, "Jikokinai suna gani. Kina so su ɗauki farar takarda su ce kakansu ya haukace?" Ya yi ta zuwa har tsohon ya rasu.

Ciwona da safiya ya fara. In tashi yatsuna a sandare, sai na tsoma su a ruwan ɗumi kafin in iya riƙe buta. Daga baya gaɓoɓin suka soma kumburi. Likita ya ce amosanin gaɓɓai ne, irin wanda ba ya warkewa sai lallaɓawa. Ya ba ni magani, ya ce in rage bugu, in kuma ya zama dole to hannu ya kwanta a shimfiɗe, kada wuyan hannu ya riƙa ɗagewa sama. In rage bugu! Makarantun Islamiyya na unguwa ni suke kawo wa tambayoyin jarrabawa, ga katin suna, ga na aure, ga yarjejeniyar haya, ga masu neman biza da ba sa ƙarewa. Na ce masa to, na ɗauki jakata na fito.

Kibod ɗin da nake aiki da shi irin mai amsawa ne, Kawu ya ba ni, amma dogo ne, sai hannu ya ɗage kafin ya hau shi. Na koma na laftof, wanda yake a kwance. Shi kuma roba ne, ba ya gaya mini harafi ya shiga, ni kuma 'yar tafireta ce, sai in yi ta dukansa har ƙasa. Kafin azahar hannuna ya zama ba nawa ba.

Wata rana Kawu ya zo shagon, kwantena ce a bakin hanya, ya zauna a bencin masu jira. Bai karɓi ruwa ba. Ya kalle ni ina bugu a wannan, ya sa na koma wancan, sannan ya ce, "Wanga tsawonai ke cin ki, wancan kuma shirunai. Abin da kike so, mai gajarta kamar na laftof, mai amsawa kamar na da, kuma mai laushi."

Na ce, "Kawu, ai babu irinsa."

Ya ce, "To a yi shi."

Na ɗauka maganar tsofaffi ce. Ashe daga nan gida ya wuce ya shimfiɗa farin ƙyallensa.

Wahalar abin, kamar yadda ya yi mini bayani ba sau ɗaya ba, ko na tambaya ko ban tambaya ba, ita ce sifirin. Sifirin a tsaye yana son wuri. In ka datse shi don makunni ya gajarce, ko ya yi tauri ko ya mutu. In ka rage wa gidan tsawo, maballi ya rasa abin da zai riƙe shi, ya yi ta rawa, ka danna gefe ya karkace bai rubuta komai ba. Na farkon da ya yi, zarto ya sa ya yanke tsohon makunni biyu, bai yi ba. Ya yi na gwangwanin sardin, ya yanke ni a yatsa. Ya yi wani da ƙarfen lema, ranar gwaji maballin ya yi tsalle ya faɗa cikin wake da shinkafar wata mata da ke jiran katin suna. Matar ta zazzaga masa Tuwi, shi kuwa ko a jikinsa, ya sa hantsaki ya tsamo abinsa ya goge a riga.

Hanyar ta zo masa a masallaci. Bayan an sauko Juma'a yana zaune yana jiran cunkoso ya ragu, ladan yana tattara katakon nan masu naɗewa da ake ɗora Alƙur'ani a kai. Ya ga yadda abin yake tsaye a gicciye, in an danna shi ƙafafunsa su buɗe ya kwanta. Ya ce a ransa, in aka ɗaure ƙafafun nan da sifirin a kwance, dannawa za ta ja shi, saki kuma ya dawo da su. Ke nan sifirin ba ya bukatar tsayuwa. Ya ari ɗaya wurin ladan ya taho da shi. Mma ta ce bai nuna wani ɗoki ba, ya ci tuwonsa, ya yi ƙailula, sannan ya tashi ya ɗauko magagari. Katakon kuwa sai da liman ya aiko aka mayar.

Ya yanko 'yan fukafukai biyu daga tagullar cikin tsohon agogon bango, ya gicciya su, ya kwantar da sifirin a tsakani. Sifirin ɗin da kansa yake naɗawa: ya warware wayar birkin keke, ya zaro sili ɗaya, ya naɗe shi a jikin allura. Da ya gama na farko, kaurinsa bai wuce na biskit ba. Ya aiko a kira ni. Na danna, ya yi ƙas. Ya lumshe ido ya ce, "Kin ji shi?" Na ce na ji. Ya ce, "Saura 'yan'uwanai." Sai da muka yi azumi biyu kafin haruffa su cika a kan ɗan allon da ya jera su.

A nan sukari ya shigo. Kawu ya lura yatsuna ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma ciwon bai ci su daidai ba. Ya ce to kowane yatsa da sifirinsa. Sai ya jera mini makunnai daga mai tauri zuwa mai laushi, ya sa in bi su da yatsa ɗaya ina dannawa. Ba ya tambaya ta ko da zafi, don ya ce ƙarya nake yi masa. Fuskata yake kallo. Inda ya ga ban yamutsa ba, sai ya ware wannan, ya ɗora masa kwalin ashana, ya riƙa jefa ƙwayar sukari ciki har maballin ya nutse. Iya sukarin da ya nutsar da shi, shi ne awon wannan yatsan, da shi zai naɗa wa duk haruffan da yatsan ke bugawa sifirinsu. Shi mai ciwon suga ne, ba ya sha. Mma ce ta gaji da neman sukarin shayi tana tarar da shi a aljihun jallabiya, tururuwa ta yi masa layi.

Zan faɗi gaskiya, don ba waliyyi nake ba ku labari ba. Kibod ɗin Kawu ya sauƙaƙa mini, amma ba kyakkyawa ba ne, kuma yana da hali. Da damina wasu haruffan sukan yi tsatsa su maƙale. Maballin tazara yana ƙara kamar ƙofar langa-langa. Kusan duk mako sai Kawu ya zo ya buɗe wani abu.

Ɗan Kawu, wanda yake taubashina, gyaran waya yake yi a Sakul, kuma shi yake yi wa uban aikin dalma tunda hannun tsohon ya fara rawa. Shi irin 'yan zangon nan ne da mace da namiji duk "ka" yake ce musu. Wata rana ya shigo shagona da kwali ya dire a tebur ya ce, "Sista, gwada wannan ka gani. Na sa an kawo maka daga waje." Siririn kibod ne na kamfani, mai makunni na gaske. Na buga shafi ɗaya a kai. Wallahi ya fi na Kawu. Ba rawa, ba maƙalewa, sumul. Sai dai yana da ɗan tauri, zuwa la'asar ƙananan yatsuna sun fara kuka.

Kawu ya zo ya tarar da shi. Ya saurara ina bugawa, ya ce in ara masa zuwa gobe. Na san halinsa, amma wa zai hana Kawu aro? Yana isa gida ya sa sukundireba ya ɓalle maballi, ya ɓanɓaro makunni ɗaya, garin haka ya karya shi.

Ina gidan lokacin da ɗan ya shigo. A tsakar gida ya tsaya, mutanen haya duk sun leƙo.

"Baba, abu sabo! Ko kwana biyu bai yi ba, ka fasa!"

Kawu yana kan tabarma da gilashin ido ɗaya irin na masu agogo. Ya ce, "Zo ka gani. Su ma kwantar da sifirin suka yi."

"Ina ruwana da sifirin! Shekara nawa kana wahal da sista da gwangwani, na kawo mai kyau, baƙin ciki ya sa ka lalata. Komai in ba kai ka yi ba, ba shi da kyau. Tun ina yaro haka kake."

Kawu ya cire gilashin ya ce, "Fita mini daga gida."

Ya fita. Mma ta shiga ɗaki ta ja labule. Ni na zauna don ban san inda zan sa kaina ba. Can Kawu ya mayar da gilashin, ya daɗe yana juya karyayyen makunnin a tafin hannu, sannan ya ce, ba da ni yake ba, "Ashe muna da yawa." Ban ji haushi a muryarsa ba. Ni dai a ganina daɗi ya ji, wasu mutane a wata ƙasa da bai taɓa zuwa ba sun zauna da irin damuwarsa sun ɓullo ta inda ya ɓullo.

Azumin shekarar nan gaba ɗaya ba su yi magana ba. A faranti ɗaya suke buɗa-baki, don Mma ta rantse ba za ta raba kwano ba, amma in ɗaya yana son gishiri sai ya gaya mata ta gaya wa ɗayan. Ba wanda ya ba wani haƙuri. Bayan salla Kawu ya naɗe kibod ɗin kamfanin a zani ya ba Mma ta ajiye a ƙofar ɗakin ɗan. Ya ciccire masa sifirin duka ya sa nasa na wayar birki, kowane harafi da awon yatsansa, saura dalmar makunnin da ya karya. Kwana biyu aka dawo da shi a gyare, an ajiye a ƙofar ɗakin uban. Iyakar sulhun ke nan.

Da Kawu ya kawo mini ya ce, "Nasu ya ɗara nawa, a bar ni da allona. Sifirin kaɗai na canza. Ba su taɓa ganin hannunki ba, ba laihinsu ba ne." Da wannan kibod na yi aiki har babbar 'yata ta gama makarantar jinya. Wanda ya ce wahalar banza Kawu ya yi, to ya je ya tambaye ta.

Ciwon dai bai tsaya ba. Duk bayan 'yan watanni Kawu zai sa ni gaba da makunnansa, ya kalli fuskata, ya koma ya naɗa masu laushi. Sukarin cikin kwalin ashana yana ta raguwa. Kawu shi ma jiki ya fara ƙi, ƙafa ta kumbura, trotro ya gagare shi, sai ni nake zuwa Nima da kibod ɗin a jaka.

Zuwan da na yi na ƙarshe don awo, bayan la'asar ne, yana jingine da filo. Ya miƙo mini makunni ɗaya ya ce in danna da manuniya, wadda ita ce mai sauran ƙarfi. Na danna, na yi iya ƙoƙarina in daure, amma ya gani. Ya ajiye shi, ya ɗauko wani. Wannan bai ba ni ba. Ya sa hantsaki ya ɗora masa maballi a kai kamar hula, muna kallo maballin ya nutse da kansa, bai tashi ba.

Ya ce, "Wancan yana cin ki. Wanga kuma bai iya ɗaga hulatai. Tsakaninsu babu komi, ɗiyata. Na duba."

Na so in mayar da abin wasa, na ce to a cire hular mana. Bai yi dariya ba.

Ya ce, "Ki rufe shagon tun kina iya kai loma bakinki da kanki."

Raina ya ɓaci. Na ce, "In rufe in ci me, Kawu? Ƙananan yaran fa?"

Ya ce, "Ban sani ba. Ni sifirin na sani."

Sai ya sunkuya da ƙyar ya naɗe farin ƙyallen nan da hannunsa. Ya zazzage sukarin aljihunsa da na kwalin ashana ya kira Mma ya ce, "Ungo, a sha shayi." Mma ta karɓa a tafin hannu, ta tsaya tana kallon ƙyallen a naɗe, sai hawaye. Ni a lokacin fushi ya hana ni kuka. Na ji tsoro kuma, tsoro irin wanda ban ji ba ko ranar da likita ya faɗa mini sunan ciwon, don likita bai san ni ba, Kawu kuwa ya san kowane yatsa nawa.

Ban rufe ba. Na ci gaba da buɗewa ina karɓar ƙananan ayyuka, katin da ba ya wuce layi kaɗan, manyan kuma in ce na'ura ta lalace. Kawu ya sani, bai ƙara tayar da maganar ba. In na je gaishe shi sai ya tambayi yara, ya tambayi ko an gyara gwatar bakin shagon. Ya rasu da hantsi, bayan ya sha kokonsa, Mma tana wanke kofin. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kaifin bakinsa, ya sassauta masa kwanciya yadda ya yi ta neman sassauta wa wasu.

Da arba'in ta matso dangi suka zauna kan shirin adu'a, aka zo maganar takardar gayyata. Ba wanda ya yi shawara, ido kawai ya juyo kaina, don tunda na buɗe shago ba a yi rasuwa a danginmu wani ya buga takardar ba ni ba. Ɗan Kawu ya ce, "Sista, bari in kai Sakul, yanzu-yanzu za a gama." Na ce in ya kai ta Sakul kada ya ƙara gaishe ni.

Muka tafi Maamobi tare. Na tsoma hannu a ruwan ɗumi, na zauna. Na buga bismilla. Na buga sunan Kawu da na mahaifinsa da garinsu, harafi ɗaya-ɗaya. Daga nan manuniya ta ƙi. Ba zafi ba ne, zafi na saba da shi. Na ce mata ta sauka, ba ta sauka ba. Na gwada na kusa da ita, shi ma haka. Na ɗora hannuwan a cinya ina kallonsu.

Ɗan Kawu ya jawo benci, na matsa masa. Ina faɗa yana bugawa da yatsa biyu, da ƙarfinsa na ƙato, har na ce, "Kai, a hankali mana, ba ƙusa kake kafawa ba." Ya tsaya. Ya ɗora yatsa ɗaya a kan maballi, bai ma danna ba, abin ya nutse. Rabonsa da taɓa kibod ɗin tun ranar da ya yi masa dalma.

Ya ce, "Sista, da wannan kake aiki?"

Na ce da shi.

"Kuma wannan ma yana maka ciwo?"

Na ce ya buga, mutane suna jira. Ya tashi ya fita bakin hanya, ya ba ni baya ya daɗe a tsaye yana kallon motoci. Sannan ya dawo ya zauna muka ƙarasa.

Washegarin adu'a na kwashe kayana daga kwantenar, na aika a gaya wa mai ita ya zo ya karɓi makullinsa. Ɗan Kawu ne ya kulle ƙofar, don ni na kasa murɗa makullin.